Enno, Mai Kiwon Kifi a Duhu

A da, duk wanda ya tsaya bakin titinmu da ƙarfe bakwai saura kwata, ko ana ruwa ko ana iska, kuma a garin nan ba a rasa ɗaya daga ciki, zai ga wani dogon mutum a kan baƙin keke, ya kanne ido kamar wanda aka tasa daga barci da tocila. Enno Tjaden ke nan, na gida mai lamba goma sha huɗu. Kada ka ce fushi yake da kai. Shi da rana ne ba su saba ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a ɗakin da ba taga, shi ya sa duk layin muke ce masa Jemage, yana kuma amsawa.

A wani ɗakin binciken ido yake aiki, can bayan tashar jirgin ƙasa. Ba likita ba ne, ba kuma farfesa ba. Masu digiri su ne da tunani da rubutu, shi kuwa hannu ne nasa. Akwai wasu jajayen kifaye na ado da yake kiwo, irin waɗanda ake saya wa yara. Kafin a yi aiki da su sai ya kulle su cikin duhu, ba su ga haske ko na ƙyaftawar ido ba. Sannan ya shiga ya rufe ƙofa, ya kunna wata jar fitila mai rauni wadda ko kuɗin cikin aljihunka ba za ka ƙirga da ita ba, ya kafa ido a madubin duba ƙananan abubuwa, ya zare tantanin da ke can bayan ƙwayar idon kifin. Tantanin nan bai kai fatar albasa kauri ba, kuma dole a fito da shi lafiya ƙalau, ba tsaga, ba ƙwarzane. Minti arba'in yake yi a ciki. A jikin ƙofar an manna takarda: ko gobara ake yi, a ƙwanƙwasa tukuna.

Meinert, tsohon direban bas da ke gida na gaba da nasu, shi ya fi kowa takura masa da tambaya. Wata ranar Lahadi suna shan shayi a falon Enno, ya sake ɗauko zancen.

"Jemage, tsakaninka da Allah, me kifin nan suka yi maka? Shekara talatin kana ƙwaƙule musu ido a duhu. Ko gadon gona kuke rigima a kai?"

Enno ba mai yawan magana ba ne, amma in aka taɓo ido sai bakinsa ya buɗe. Ya ce a cikin tantanin nan akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu zubo wani sinadari, dopamin. In haske ya shigo sai su zubo shi da yawa, shi ke gaya wa ido gari ya waye, a shirya aikin rana. In duhu ya yi sai su tsagaita.

"To wa ke gaya musu su tsagaita?" in ji Meinert.

"Abin da muke nema ke nan." Enno ya nuna butar shayin da ke hannun matarsa Hilke. "Ka ga Hilke? Ita ce ƙwayar. Muddin kofinka na gabanta, zuba maka za ta yi ta yi. Sai ka yi me?"

"Sai in sa cokali a kofi, kamar kowane mai hankali."

"To ido ma yana da cokalinsa. Wani sinadari ne daban, GABA suke ce masa, ba shi da aiki sai cewa ya isa haka. A duhu yana nan cikin kofi, dopamin ba ya zuba sai kaɗan. In muka ɗiga maganin da ke cire cokalin, sai ka ga buta ta ɓalle da zuba, alhali ko fitila ba a kunna ba. Bambancin nan muke aunawa."

Meinert ya dubi kofin Enno, ya dubi cokalinsa da ke kwance a faranti, bushe kamar ranar da aka sayo shi. Ya ce, "Ikon Allah. Ashe kifi ya fi ka wayo."

Gaskiya ya faɗa. A garin nan kowa ya san kofi uku haƙƙin baƙo ne, bayan haka in ka ƙoshi sai ka sa cokali, uwargida ta bar ka ka huta. Yaro ɗan shekara biyar ya san wannan. Enno ma ya sani, sa cokalin ne ba ya iyawa. Gani yake kamar zai ɓata wa mai gida rai. An taɓa ƙirga masa kofi tara a zama ɗaya gidan ƙanwar Hilke, ya dawo gida yana rawar jiki kamar sabon injin niƙa. Haka yake a komai. In za ka yi tafiya, shi zai riƙe maka kyanwa, alhali gashinta na sa shi atishawa. Shekara goma sha biyu yana cikin mawaƙan coci, don kawai an tambaye shi a bakin ƙofa ya rasa ta cewa, kuma muryarsa in ya ɗaga ta kamar ana jan tebur a kan siminti. Mai koyar da waƙar ya ajiye shi can layin baya, ya roƙe shi ya riƙa motsa baki kawai. Shi ma wannan bai ce a'a ba. Auren ma Hilke ce ta ce masa watan Mayu ya fi dacewa, ya ce to, sai daga baya ya tambayi dacewa da me.

Abu ɗaya ne Enno ya taɓa so wa kansa, bai kuma taɓa furta shi ba. Duk takardar binciken da ta fito daga ɗakin nan, hannunsa ne ya yi ta, amma sunansa can ƙasa yake zuwa, wurin godiya, da ƙananan baƙaƙe, tsakanin masu ba da kuɗi da masu sayar da abincin kifi. Sai ga shi bara, ana saura wata bakwai ya yi ritaya, shugabar wurin, Farfesa Lorenzen, ta kira shi ta ce wannan aikin na ƙarshe sunansa zai hau sama tare da na marubuta. Ranar ya shigo layinmu yana kaɗa ƙararrawar keke ba kowa a gabansa.

Cikin watan Janairu yana kwashe ƙanƙara a ƙofar gida sai ya yanke jiki ya faɗi. Hilke ce ta hango shi ta tagar kicin, kwance, shebur a gefe. Bai daɗe ba ya farfaɗo, yana ba ta haƙuri wai ya tsorata ta. Likita ya ce zuciyar ce take ɗan tsallake bugu, ba abin tashin hankali ba, a dai kula. Kalmar nan ta ƙarshe Hilke ta riƙe. Ta janye man shanu daga tebur, ta janye tsiren alade, ta janye kek ɗin Lahadi, har Enno ya ƙara huda biyu a bel. Sannan ta sayo masa agogon nan na zamani mai sauraron bugun zuciya, wanda ke kai wa wayarta rahoto. In zuciyar ta yi gardama, wayar ta yi ƙara. In an cire agogon ya daɗe, wayar ta yi ƙara. Da hannunta ta ɗaura masa.

"Ba za ka cire shi ba, Enno. Ko a coci, ko a wurin kifinka. In ka shiga wanka ni zan cire in sa masa caji, ka fito in mayar. Ka ji?"

Ya ce to. Abin da ya yi kawai, da yake shi ba sabon shiga ba ne, ya sa aka kashe masa hasken fuskar agogon gaba ɗaya, ya ƙara da manna baƙin tef a kai. Ya koma aiki hankalinsa kwance.

Daga nan lissafi ya fara lalacewa. Kifin da ya kwana a duhu, wanda ya kamata a samu dopamin ɗinsa a ƙasa, sai a auna a ga ya yi sama kamar ya wuni a bakin teku. In an ɗiga maganin cire cokali, ba wani bambanci, don buta ta riga ta ɓalle tun kafin a taɓa ta. Mako ɗaya aka ce tsautsayi. Wata ɗaya aka ce ruwan tanki ne. Enno ya sauya ruwa, ya sauya abinci, ya sauya mai kawo kifin. Ya bi ƙofar ɗakin da tef har sai da ta koma kamar kayan da za a aika ƙasar waje. Ya zauna a ciki shi kaɗai, hannuwa a aljihun farar rigarsa, yana juya kai yana neman ta inda haske ke satar shigowa. Bai ga komai ba.

Farkon watan Mayu Farfesa ta kira shi ofis. Shekara ashirin suna aiki tare, ba ta taɓa kiran sunansa na yanka ba, shi ma haka. Ta ba shi kujera, abin da ba ta saba ba, nan ya san ba lafiya.

"Malam Tjaden, mun duba ruwa, mun duba magani, mun duba na'ura. Saura abu ɗaya ban duba ba, kuma ba na son dubawa."

Enno ya kalli hannuwansa.

"Tantani in ya ji rauni wajen cirewa, yakan zubar da abin da ke cikinsa," ta ce. "Ka yi jinya. Ba abin kunya ba ne. Akwai wasu abokan aikinmu a kudu da suka ce za su iya ƙarasa mana. Amma ka san in su suka yi..."

"Sunansu zai hau."

"Ina iya jira zuwa ƙarshen wata. Bayan haka ba ni da iko."

Ya ce to, har da godiya.

Makon nan Hilke ta rasa gane kan mijinta. Kullum da safe sai ya dafa ƙwai uku, ba don ci ba, don an hana shi. Zai zauna ya fasa ɓawon, ya sa ɗan hantsaki ya zare siririyar fatar nan ta ciki, ya ɗaga ta wajen taga yana duba ko ta tsage. Ba ta tsagewa. Sai ya miƙe hannu a iska ya zuba masa ido ko zai yi rawa. Ba ya yi. Wannan ya fi komai damunsa, don da ya ga rawar da ya haƙura. Ƙwai kuwa Meinert ake miƙa wa ta saman shinge, har ya fara cewa Allah ya sa kada a gano matsalar da wuri.

Ranar Asabar bayan azahar Meinert ya leƙo ya ce ƙwan fitilar ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa ya mutu, ga shi yana son ɗauko kwalaben jam da 'yarsa ta zo karɓa.

"Zo ka shige gaba, Jemage. Kai ne ɗan gari a duhu, ni baƙo ne."

Suka sauka suna lalube. Enno ya kai ga kanta, ya miƙa hannu sama, hannun rigarsa ya zame zuwa gwiwar hannu. Meinert da ke bayansa ya ce, "Enno, ko dai giyar jiya ce ba ta sake ni ba, ko kwalabena ne ke kashe mini ido."

"Me ka gani?"

"Tsaya yadda kake. Kada ka motsa."

A jikin kwalaben, wani ɗan koren haske ne ke ƙyaftawa, ɓal, ɓal, ɓal, kamar idon kyanwa a ƙarƙashin mota. Enno ya sauke hannu, hasken ya ɓace. Ya ɗaga, ya dawo. Ya juya tsintsiyar hannunsa a hankali ya leƙa ƙarƙashin agogon. Ashe da wata 'yar koriyar fitila agogon ke leƙen jini, a cikinsa, ta wajen da ke manne da fata. In an cire shi sai ta mutu, shi ya sa bai taɓa ganinta ba. Da agogon ya kama hannu dam, da ba ta fito ba, amma Hilke ta ramar da mutumin, maɗaurin ya yi sako-sako. Kuma yaushe hannun riga ke zamewa, tsintsiyar hannu ta lanƙwashe? Daidai lokacin da ya sunkuya kan ɗan farantin da tantanin ke ciki, idonsa biyu na cikin madubi, ba ya ganin komai sai abin da ke bakin hantsaki.

Ya nemi buhun dankali ya zauna. Ya ƙirga da yatsu. Litinin ɗin farko da lissafi ya ɓaci, ita ce Litinin ɗin farko da ya je aiki da agogon.

"Kore," ya ce, kamar mai magana da kansa. "Kuma mai ƙyaftawa. Duk duniya ba hasken da ya fi tayar da su kamar wannan. Wata uku ina kulle su a duhu, in zo in yi musu wasan wuta."

"To ai ka huta. Cire shi za ka yi."

"Na yi wa Hilke alkawari."

"Ka je ka warware."

Enno ya dube shi kamar wanda aka ce ya je ya ciro haƙorin kada.

Nan Meinert ya kawo shawara, irin shawarar da ba a samu sai wurin wanda ya yi ritaya ba shi da abin yi. Agogo dai zuciya yake nema, bai damu da ta wane ne ba. Ranar Litinin Enno ya tsaya a bayan shinge ya miƙo, Meinert ya ɗaura, da yamma a mayar. Wa ya gani, wa ya sani?

Haka aka yi. Enno ya tafi aiki hannu sake, ya shiga ɗakinsa, ya cire tantani huɗu sumul. Sai dai Meinert bai gaya masa cewa ranar ce ya sa zai share magudanar ruwan rufinsa ba. Mutum mai shekara saba'in, mai tumbi, mai shan taba tun yana makaranta, ya hau tsani. Ƙarfe goma da 'yan mintuna wayar Hilke ta ɗauki kuka. Ta duba ta ga zuciyar mijinta na gudu kamar ta zomo. Ta jawo jaka, ta fito da takalmin ɗaki a ƙafa, tana neman lambar motar asibiti, sai ta lura wayar na nuna mata inda mijin yake: taku goma daga inda take tsaye. Ta ɗaga kai. Ga Meinert a saman tsani, ya cika hannu da ruɓaɓɓen ganye, yana haki, agogo na walƙiya a hannunsa.

"Meinert."

"Na'am, maƙwabciya. Yau garin da ɗan dama-dama."

"Sauko mini da zuciyar mijina."

Da Enno ya dawo da yamma, tun daga shinge ya ga Meinert ya ja labule. Ya shiga gida ya tarar an shimfiɗa farin zanen tebur, an fito da kofunan baƙi masu zanen fure, ga agogo a tsakiya kamar wanda za a yi wa shari'a. Hilke ta nuna masa kujera. Ta jefa masa dunƙulen sukari a kofi, ta zuba shayi a kai har ya yi 'yar ƙarar nan tasa, ta zagaya kirim a gefe. Ya sha. Ta ɗaga buta za ta ƙara.

Enno ya ɗauki cokali ya sa a kofi.

A kofin farko. Ko baƙon da ya zo daga wata ƙasa ba ya yin haka. Butar ta tsaya a iska.

"Hilke," ya ce, "ba zan ƙara shiga ɗakin nan da agogon nan ba."

Ya gaya mata komai, da koren hasken, da maganar Farfesa, da ƙarshen wata, da dalilin ƙwai uku. Ya ce ya yi laifi da ya ba Meinert, da ya zo ya faɗa mata tun ranar Asabar. Bai taɓa jera magana mai tsawon haka ba tun ranar ɗaurin aurensu, a ranar ma ai "e" kawai aka nema.

"A ɗaure shi sosai mana," in ji ta. "Ko in ɗinka maka baƙin ƙyalle ka rufe."

"Wata uku na yi ina rantsuwa ba haske a ɗakin. Ko cikin bargo aka naɗe shi, ba zan yarda da shi ba. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa roƙon komai ba, Hilke. Mako uku nake so, minti arba'in a rana."

Ta ajiye butar. Da ta buɗe baki muryar ba ta faɗa ba ce.

"Kai ba ka ga kanka kwance a ƙanƙara ba, ni na gani. Can akwai taga, shi ya sa na hango ka. Ɗakin naka fa? An rubuta a ƙofa kada kowa ya buɗe. In ka faɗi, wa zai sani? Kifin ne za su kira likita?"

Enno ya dubi kofinsa. Amma bai cire cokalin ba. Suka zauna haka, shayi na hucewa, abin da a gidan nan ya fi zagi muni.

Can Hilke ta ce, "Ƙarfe nawa kake shiga?"

"Tara da rabi."

"To zan zo in zauna bakin ƙofar, agogo na hannuna. Kai kuma tun da ka rufe har ka buɗe, waƙa za ka yi ta yi."

"Waƙa?"

"Shekara goma sha biyu kana zuwa koyo, ai ka tara. Muddin ina jin muryarka, na san kana tsaye. In ta ɗauke na ƙirga goma ba ta dawo ba, zan buɗe ƙofar nan in kunna duk fitilar da ke gidan, kifinka su ga abin da ba su taɓa gani ba."

Wannan karon da ya ce to, da gaske yake.

Washegari ya riga kowa zuwa ofishin Farfesa, ya ajiye agogon a teburinta, ya rufe shi da tafin hannu ta leƙa ta gani. Bai rage komai ba: wata uku, kifi sittin da wani abu, duk ta dalilin hannunsa, ko da yake ba yadda ta zata ba. Ta daɗe tana kallon ɗan koren hasken. Sannan ta jawo sakamakon tantani huɗun jiya, wanda ya fito da sassafe. Dopamin na duhu ya koma ƙasa inda Allah ya ajiye shi, na maganin ya yi sama.

"Malam Tjaden," ta ce, "da hannunka ne, da ba magani. Agogo kuwa ana cirewa." Ta ɗan yi gyaran murya. "Na zarge ka a kan abin da ba shi ba. Ka yafe ni."

Ya ce ba komai, ya kuma nemi izini a sa kujera ɗaya a bakin ƙofar ɗakin duhu. Ta ce ta mece ce? Ya ce za ta ji.

Ta kuwa ji. Duk benen ya ji. Mako uku cur, daga tara da rabi zuwa goma da minti goma, Hilke na zaune da saƙarta da agogo a cinya, daga bayan ƙofa kuma ana jan tebur a kan siminti da sunan yabon Ubangiji. Masu aiki a ɗakunan kusa suka koma shan kofi a wannan lokacin, can ƙasa, nesa. Da waƙoƙin coci suka ƙare ya shiga na yara, da suka ƙare ya koma rera sunayen tashoshin bas ɗin Meinert daga farko har ƙarshe. Sau ɗaya kawai muryar ta ɗauke, ranar da wani tantani ya naɗe masa a bakin hantsaki ya riƙe numfashi. Hilke ta miƙe, hannu a mariƙin ƙofa, tana ƙirgawa da ƙarfi. Ta kai takwas sai aka ji daga ciki an ɓarke da wani baiti tun daga tsakiyarsa, ba kai ba gindi. Ta koma ta zauna, ta ce wa mai sharar da ta tsaya kallo, "Mijina ne. Mawaƙi ne."

An gama aikin ana saura kwana biyu wata ya ƙare. Takardar ta fito cikin kaka, bayan ya yi ritaya. Sunaye huɗu ne a sama, nasa na uku, cikakke, ba a taƙaita ba. Can ƙasa wurin godiya, inda ya yi shekara talatin yana zaune, an gode wa Hilke Tjaden saboda tsaron ƙofa. Ta sa an yi wa shafin farko firam an rataye a falo. Meinert ya zo ya sa tabarau ya duba sama da ƙasa, ya ce bai ga inda aka ambaci wanda ya ba da aron zuciyarsa ba, kuma a saninsa ba a yin ilimi da zalunci.

Yanzu Enno na gida. Agogon na hannunsa dare da rana, an ƙara wa maɗaurin huda. Har yau yana kanne ido in ya fito, har yau kyanwoyin layin nan a gidansa suke hutu. Mai koyar da waƙa ya ce tun daga lokacin Enno ya daina motsa baki kawai, yanzu da murya yake yi, an rasa mai gaya masa ya isa.

Cokali kuwa, ya ɗanɗana ya ji daɗi. In ya sha kofi uku sai ya ɗauka ya sa, ya gyara zama, ya dubi mutane ɗaya bayan ɗaya ko sun lura. Hilke takan bar shi ya gama jin daɗinsa. Sannan ta sa yatsu biyu ta cire cokalin, ta ajiye a faranti, ta cika kofin.

"Cokalin idon kifi a duhu yake aiki," takan ce. "Nan da rana muke. Sha."